Wuyan Kwalba da Ƙashin Saniya

Sunana Isuhu, mutumin Funtuwa. A gida sana'ata ɗaura lasifika: biki, suna, wa'azi, taron siyasa, duk inda ake so murya ta kai ƙarshen layi ni ake nema. Na haura hamsin lokacin da wani ejan a Kano ya rantse mini har da dafa ƙirji cewa injiniyan sauti ake nema a Doha, mai gogewa, kuma furfurar nan tawa ita ce takardar shedata. Allah ya yi ni da saurin yarda da mai daɗin baki. Na sayar da kayan sautina kaf na ba shi kuɗin. Da na sauka aka kai ni wani ɗaki a unguwar masana'antu mai gadaje hawa-hawa irin na makarantar kwana, aka miƙo mini riga mai ruwan goro da tsintsiya mai doguwar ƙota. Injiniyan sauti ke nan.

Kamfanin na shirya taruka ne. Aikina in naɗe wayoyi, in ɗauki akwatunan lasifika, in share dandamali kafin manya su hau. Teburin sautin nan da na yi rabin rayuwata a gabansa, sai dai in goge masa ƙura. Shugaban aikinmu wani matashi ne, Rami. Ba mugu ba ne, amma gaggawa ta yi masa yawa, ko sallama ba ya ƙarasawa. Ni kuwa sunana a bakinsa ɗaya ne: "Yalla, Baba!" Wato in yi sauri. Wallahi na tsani kalmar nan har cikin raina, don a Funtuwa ba a haifi wanda zai ce mini yalla ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba, hannuwana sun fara ciwo. Waje zafi kamar bakin tanda, ciki sanyin na'ura kamar firjin kifi, ka fita ka shiga, ka fita ka shiga, gaɓɓaina suka fara kumbura. Wata rana akwatin lasifika ya suɓuce mini ya fashe a gefe. Rami ya dube ni ya ce, "Baba, ka tsufa da aikin nan. Kuskure ɗaya ya rage maka. Ka ƙara, khalas, shi ke nan, kafil ya soke takardarka ka koma gida." Kafil shi ne mai kamfanin, wanda zamana a ƙasar ke rataye da sa hannunsa. In koma gida in yi me? Kayan sana'a na sayar, yara suna makaranta, kuma babu mai sake ɗaukar mutum mai shekaruna zuwa ko'ina.

Ranar hutu nakan shiga Asian Town in yi ta zagaye kasuwa ba don sayen komai ba, in ga Indiyawa da 'yan Nepal kowa da 'yan garinsu suna hira, ni kuwa sai waya. In kira uwar yara in ce mata komai lafiya, aiki sai godiya. Ranar da na fara jin Hausa a bakin wani direba a can, na bi shi har motarsa kamar maroƙi. Shi ya nuna mini wani ɗan gidan abinci a unguwar Muntazah, inda Hajiya Adiza ke girki. 'Yar Zangon Kumasi ce, babbar mace mai babbar murya, Hausarta ta Gana, mace ma "shi" take ce mata. Ina tsokanarta da hakan, ita kuma ta ce mu 'yan Nijeriya iyayi ya yi mana yawa. Duk Juma'a tana dafa farfesun ƙafar saniya, kuma ba ta taɓa zuba mini ba tare da ta ƙara tsoka ɗaya ta ce, "Ci, Alhaji, ka rame."

Da sanyi ya shigo, aka ba kamfaninmu aikin wani wasa a babban otal a West Bay, cikin dogayen benayen nan da sai ka riƙe hularka kafin ka ga ƙarshensu. Aka ce tsofaffin makaɗa ne daga Amurka, masu kiɗan da ake kira bulus da rok, waɗanda suka yi tashe tun kafin a haifi Rami. Ranar Alhamis na ga saukowarsu daga mota, na kusa yin dariya. Mai ganga Bature ne, farin gashi har kafaɗa, na'urar ji a kunnuwa biyu, yana jan ƙafa. Mawaƙiyar wata baƙar tsohuwa ce, sai da aka kama mata hannu ta hau matakala. Shugabansu, Mista Lemuwel, mai kaɗa jita, baƙi ne dogo siriri, ya tasam ma tamanin, yana dogara sanda. Da ya miƙo mini hannu muka gaisa na ga yatsunsa sun kanannaɗe kamar ɗanyar citta. A raina na ce, waɗannan ai asibiti ya kamata a kai su. Mu a gida makaɗi in ya kai haka, tabarma ake shimfiɗa masa a zaure, yara su karɓi kiɗan. Ban ga gwajinsu na ranar ba, don Rami ya tura ni sito kwasar kujeru.

Juma'a da safe ina share dandamali ni kaɗai, sai na ga wani abu a kan akwatin lasifikar Mista Lemuwel. Wuyan kwalba ne, kore, an gutsure shi daga jikinta. Ba a daɗe ba aka kori wani ɗan ɗakinmu daga ƙasar saboda an kama shi da kwalbar giya, na ga yadda ya fita yana kuka. Na ce lallai tsohon nan ya sha abinsa jiya ya fasa kwalbar, ya manta da wuyan. Baƙo ne, bai san ƙasar ba, kuma dattijo ne, bai kamata a tozarta shi ba. Na naɗe abin a takarda, na sauka da kaina har bayan otal na jefa a babban kwandon shara, a gabana motar shara ta kwashe. Na tafi masallaci ina jin daɗi a raina, na rufa wa dattijo asiri.

Da na dawo daga Juma'a na tarar da zauren a hargitse. An ɗaga shimfiɗu, an juye akwatuna, Rami yana ihu da harsuna uku. Mista Lemuwel na zaune a kujera, jita a cinya. Na tambayi wani abokin aiki me ya ɓata. Ya ce wani ɗan gilashi ne kore da tsohon ke sawa a ƙaramin yatsa yana goga shi a kan tsirkiya. Yatsunsa ba sa iya danna tsirkiya yanzu, da gilashin nan kaɗai yake kiɗa. In babu shi babu wasa, ga shi an sayar da tikiti, bayan magariba za a fara.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shaiɗan ya ce mini yi shiru, amma otal ɗin ko'ina kamara ce, kuma ko babu kamara ba zan iya kallon tsohon nan ina numfashi ba. Na matsa gabansa na durƙusa kamar yadda ake yi wa babba, na ce da Turancina na kasuwa, "Ranka ya daɗe, ni na jefar."

Ya dube ni ya ce, "Me ya sa?"

Na gaya masa gaskiya: na zaci kwalbar giya ce, na ji tsoron kada 'yan sanda su kama shi. Mai ganga ya fashe da dariya har yana tari, ya ce shekara da shekaru mutane na ƙoƙarin raba Lemuwel da kwalba, sai yau aka samu wanda ya yi nasara. Mista Lemuwel bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ɗan yatsansa, sannan ya tambaya ko za a iya bin motar sharar. Aka ce masa motar niƙe kaya take yi tun a hanya. Ya gyaɗa kai kawai.

Rami ya tura direba wani shagon kayan kiɗa, aka kawo 'yan bututu na ƙarfe da na gilashi da ake yi don wannan aikin. Ko ɗaya bai shiga ba. Yatsan ya lanƙwashe, gaɓar tsakiya ta kumbura, su kuwa bututun miƙaƙƙu ne matsattsu. Wanda ya fi faɗi kuma sai ya zame ya faɗi ƙasa. Rami ya juyo gare ni, fuskarsa ta yi ja, ya ce, "Baba, khalas. Cire rigar. Ranar Lahadi ina ofishin kafil." Garin gyaran gira na tsone ido.

Ina cikin ɓalle maɓalli sai tsohon ya yi magana, a hankali, kamar da kansa yake. Ya ce kakansa manomin auduga ne, bai taɓa mallakar gilashi ba, da wuƙa yake kiɗa, wani lokacin da ƙashin ƙafar saniya. Ya ɗaga kai ya ce, "A garin nan na gilashi da ƙarfe, akwai mai cin ƙafar saniya kuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yau Juma'a."

Ban jira izinin Rami ba. Na tari tasi zuwa Muntazah, na faɗa wa Hajiya Adiza har cikin kicin ina haki. Ta ce, "Kai Alhaji, mi ya faru? Wa ya mutu?"

Na ce, "Ni ne zan mutu, Hajiya. Ƙashi nake so."

"Ƙashi? Ka zama kare ne? Zauna ka ci abinci tukuna."

Na ba ta labari a tsaitsaye. Ta riƙe haɓa ta ce, "Wai kai da shishshigi! Mutum ya ajiye abinsa, kai ka zama ɗan sanda." Tana zagina tana tsamo ƙasusuwa daga tukunya da ludayi, tana busa ɓargon a faranti, tana zura nata ɗan yatsan tana gwadawa. Ta wanke mini guda-guda da ruwan zafi da toka, ta ƙulle a leda, ta ƙara da kwanon farfesu. Ta ce, "Wannan na tsohon ne. Ka ce shi ci, kiɗa ba ya yiwuwa da yunwa."

A ɗakin kafintocin otal na yanke bakunan ƙasusuwan da zarto, na goge da samfefa. Mista Lemuwel ya gwada na farko, ya yi faɗi. Na biyu ya tsage. Na uku ramin cikinsa ba zagayayye ba ne, ya ɗan karkace, sai ya zauna a lanƙwasasshen yatsan nan daram. Ya jujjuya hannun, ya shinshina ƙashin, ya ce yana ƙamshin barkono. Sannan ya sa aka kunna masa lasifika.

Jama'a, ni na yi shekaru ina ɗaura wa makaɗa lasifika. Na ji masu goge, na ji masu kukuma da garaya, na san mai kiɗa na san mai hayaniya. Amma abin da na ji a wannan la'asar ban taɓa jin irinsa ba. Ya ɗora ƙashin a kan tsirkiya ɗaya ya ja shi sama a hankali, sai jitar ta yi kuka irin na mace da aka yi wa rasuwa tana ƙoƙarin dannewa. Tsigar jikina ta tashi. Sautin farko ya ɗan kauce, don ƙashi bai kai gilashi santsi ba. Na ga ya karkata kai yana saurare, ya sake ja, ya ƙara nauyin hannu kaɗan, ya sauya yadda ya kwantar da yatsan. Kafin ya kai ƙarshen baiti ya gama sanin halin ƙashin nan kamar tare suka girma.

Ba ya sauri. Inda yaro zai zuba sauti goma, shi ɗaya yake sakawa, ya bar shi yana rawa a iska har sai ka ji numfashinka ya tsaya, sannan ya kawo na biyu. Mai gangan nan da na raina ya shigo a bayansa, ba ya ɗaga hannu sama, wuyan hannu kawai ke motsi, amma kowane bugu yana sauka daidai inda zuciyarka ke jira. Idonsa na kan ƙafar Mista Lemuwel, ashe abin da kunne ya daina ba shi da ido yake karɓa. Tsohuwar ta buɗe baki daga zaune. An ce da can muryarta siririya ce mai hawa sama. Yanzu ta sauko ta yi kauri, tana da tsaga a ciki, kuma ta tsagar nan waƙar ke shiga jikin mutum. Ban fahimci rabin kalmomin ba. Na dai san ana maganar wanda ya bar gida ya daɗe bai koma ba, don na ga Funtuwa a gabana, na ga ƙofar gidanmu. Ina tsaye riƙe da samfefa hawaye na zuba, ban ko ji kunya ba. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye wannan abu a cikin yatsun da ba sa iya ɓalle maɓallin riga.

Masu jera kujeru duk sun tsaya cak. Rami da kansa waya na ƙara a hannunsa bai ɗauka ba. Da suka tsaya, Mista Lemuwel ya ɗaga yatsan da ƙashin a jiki ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Wannan ya fi gilashin. Shekaru ina neman wannan sautin." Ya nuna ni da haɓa ya ce wa Rami, "Mutumin nan ya mayar da rigarsa. Shi nake so a gefena yau, in ba shi ba zan hau ba. Kuma zan gaya wa masu otal cewa kamfaninku na da mutumin da ya cece ni." Rami ya juyo gare ni ya ce, "Yalla, Baba, sa rigarka." Ranar ce kaɗai kalmar ta yi mini daɗi.

Aka yi wasa bayan magariba, zaure cike, Larabawa da Turawa da Indiyawa suka miƙe tsaye suna tafi har tsofaffin suka gaji da sunkuyawa. Ina gefen dandamali ina riƙe masa sanda. Maganar ofishin kafil ba a sake tayar da ita ba.

Washegari da hantsi aka sa ni loda kayansu a motar filin jirgi. Na same shi zaune a ƙofar otal yana fama da murfin gorar ruwa, ya kasa buɗewa. Ya miƙo mini. A nan na ga ɗan yatsan an naɗe shi da bandeji, jini ya ɓullo ta gefe. Cikin ƙashin bai gama gogewa ba, ya yi ta cin fatarsa tun daga gwaji har ƙarshen wasa, bai ko yamutsa fuska ba. Na buɗe gorar na ba shi, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka gaya mini gaskiya. Ƙashin nan ya fi gilashin?"

Ya sha ruwa, ya yi murmushi ya ce, "A'a. Bai kama ƙafarsa ba."

Ya ce, "Kuma ba kwalbar giya ba ce, ta man zaitun ce, daga kicin ɗin matata. Shekarar da likita ya ce in rataye jita, na yi wata da watanni ban taɓa ta ba. Ita ta yanke wuyan kwalbar da zare da wuta, ta zauna a dokin ƙofa tana goga shi a dutse, tana gwadawa a yatsana, har ya zauna. Ta ce in tashi in daina damunta da zaman makoki." Ya dubi titi. "Ta rasu bara waccan."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa jiya ba?"

Ya ce, "Da na faɗa, da wa zai buɗe mini ruwa yau?" Ya kamo hannuna ya jujjuya, ya danna gaɓɓan da suka kumbura da babban yatsansa, ya dube ni. Ya ce dai in gaya wa mai farfesun ya cinye tas.

Aka kira su. Na kama shi ya shiga mota, na miƙa masa sandarsa. Motar na tashi ya zaro ƙashin daga aljihun gaba, inda nake zaton gilashin ke zama a da, ya ɗaga mini shi ta taga. Na tsaya a wurin da murfin gorarsa a hannuna har Rami ya ƙwala mini kira.

Ina Doha har yanzu, hannuwan suna ciwo, ina aiki. Duk Juma'a ina Muntazah, kuma duk baƙon da ya zauna cin farfesu sai Hajiya Adiza ta ba shi labarin yadda ƙashin tukunyarta ya kayar da gilashin Amurka, ta nuna ni da ludayi ta ce, "Ga sheda nan, ku tambaye shi." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai a kwano in ce haka ne, Hajiya.